Darasin Wannan Wata: Canjin Kuɗi Ga Mai Tafiya Ƙasar Waje

Kullum da safe motoci suna sauke mutanen karkara a tashar Unguwa Uku. Wasu kasuwa suka zo. Wasu dubiya suka zo asibitin Malam Aminu Kano. Wasu kuwa shirin tafiya mai nisa ne ya kawo su birni. Akan gan su suna bin layi a ofishin fasfo na Farm Centre, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Daga cikinsu akwai mai niyyar Hajji ko Umara. Akwai mai kai mara lafiya Masar ko Indiya. Akwai mai zuwa saro kaya.

Duk wanda ya sami fasfo, akwai sauran aiki a gabansa. Naira ba ta sayen ko ruwan sha a Makka. Dole ne ya canza kuɗinsa. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya sayar da sa, ya sayar da amfanin gona, amma cikin minti biyar wani ya raba shi da rabin guzurinsa.

Wannan darasi zai nuna yadda ake canjin kuɗi, da wuraren da ake yi, da yadda mai tafiya zai tsare dukiyarsa. Babban makaminsa shi ne abin da ya koya a aji: karanta lamba da yin lissafi.

KOWACE ƘASA DA KUƊINTA

Kuɗin Nijeriya shi ne naira da kwabo. An fara aiki da naira ran 1 ga Janairu, 1973. Kafin nan fam da sule ake kashewa. Da aka yi sauyi, fam ɗaya ya zama naira biyu. Babban Bankin Nijeriya shi ke fitar da naira, shi ne kuma ke sa dokokin canji.

Sauran ƙasashe ma kowace da nata kuɗin:

Saudiyya: riyal
Amurka: dala
Ingila: fam
Faransa da Jamus da Italiya: yuro
Nijar da Binin da Togo: sefa
Gana: sidi
Dubai: dirhami
Sin: yuwan
Indiya: rufi

A cikin waɗannan duka, dalar Amurka ta fi karɓuwa a duniya. Mai dala zai iya canza ta a Jidda, ko Alƙahira, ko Dubai. Shi ya sa matafiya da yawa suke mai da nairarsu dala tun daga gida. Idan sun sauka, sai su mai da dalar kuɗin ƙasar da suka je.

Canji ba sabon abu ba ne a Kano. Tun zamanin da ake ciniki da wuri, fatake suna musayarsa da kuɗin azurfa na ƙasashen waje. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851. Ya rubuta cewa wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya.

ME YA SA FARASHI YAKE HAWA DA SAUKA?

Kowane manomi ya san halin hatsi. Da kaka, gero ya cika kasuwa, sai ya yi araha. Da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai ya yi tsada. Haka dala take. Idan ta yi yawa a kasuwa, farashinta ya sauka. Idan ta yi ƙaranci, masu nema kuma suka yi yawa, farashinta ya tashi.

Nijeriya ta fi samun dala ta hanyar sayar da ɗanyen man fetur. Tana kuma kashe dala wajen sayo magani, da injuna, da alkama, da sauran kaya. Idan abin da ake kashewa ya fi abin da ake samu, naira takan faɗi.

Ga yadda abin ya kasance cikin shekaru:

A 1980, dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba.
A 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar canji, naira ta fara faɗuwa.
Daga 1994 zuwa 1998, farashin gwamnati ya tsaya a wajen naira 22.
A farkon 2023, farashin gwamnati yana wajen naira 460.
A watan Yuni na 2023, Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi.
A 2024, dala ɗaya ta haura naira 1,500.

Abin lura a nan shi ne, farashin bara ba shi ne na bana ba. Kai, farashin safe ma yakan bambanta da na yamma. Don haka kada mai tafiya ya dogara da abin da wani Alhaji ya gaya masa shekara biyu da ta wuce. Ya tambayi farashin ranar da zai yi canji.

A INA AKE CANJI?

Ƙofofi uku ne sanannu.

Ƙofa ta farko ita ce hukumar alhazai. Wannan ta mai zuwa Hajji ce ta hannun gwamnati. Maniyyaci yakan biya kuɗin kujera ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano. Ita kuma tana aiki da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa a 2006. A cikin kuɗin kujera akwai kuɗin guzuri. Akan ba maniyyaci guzurinsa dab da tashi. A Hajjin 2025, guzurin kowane alhaji dala 500 ne. Maniyyaci ba ya bukatar ɗan tsakani don karɓar wannan kuɗi. Haƙƙinsa ne, ya riga ya biya. Ya karɓa da hannunsa, ya ƙirga a gaban jami'in da ya ba shi.

Ƙofa ta biyu ita ce banki. Akwai rassan bankuna a titin Gidan Zu da titin Zariya, kusa da Gyaɗi-Gyaɗi. Banki yana sayar da kuɗin waje ga mai tafiya idan ya cika sharuɗɗa. Za a nemi waɗannan abubuwa:

1. Fasfo wanda bai ƙare aiki ba.
2. Biza ta ƙasar da za a je.
3. Tikitin jirgi na zuwa da dawowa.
4. Asusu a bankin, da lambar BVN.
5. Cike takardar neman canji, wadda ake kira Fom A.

Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya sa, mai tafiyar kansa yana iya sayen abin da bai wuce dala 4,000 ba cikin wata uku. Mai tafiyar kasuwanci kuwa dala 5,000. A watan Fabrairu na 2024, Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa zuba wannan kuɗi a cikin kati, maimakon su ba da shi tsaba a hannu. Mai kati zai cire kuɗi a na'ura can ƙasar da ya je, ko ya biya da katin a kanti. Irin waɗannan ƙa'idoji sukan sauya. Saboda haka a je banki da wuri, a tambaya. Kada a bari sai ana gobe tashi.

A kiyaye da abu ɗaya. Wasu sukan kai tikitin ƙarya banki don su sami dala su sayar. Laifi ne. A 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su wallafa sunayen masu yin haka. Kada mutum ya ba wani aron fasfonsa ko lambarsa ta BVN don a yi wannan aiki. Idan asiri ya tonu, mai fasfo za a nema.

Ƙofa ta uku ita ce 'yan canji. A Kano babbar matattararsu ita ce Wapa, a unguwar Fagge. Daga Gyaɗi-Gyaɗi a-daidaita-sahu zai kai mutum. A can ana samun dala, da riyal, da sefa, da fam, da yuro. Gwamnati ta fara ba ofisoshin canji lasisi a 1989. Amma ba kowane mai cewa "canji, canji" ne yake da lasisi ba. A watan Maris na 2024, Babban Banki ya soke lasisin ofisoshin canji 4,173 a faɗin ƙasa, saboda ba su cika ƙa'ida ba. Sababbin dokokin da ya fitar a shekarar sun hana sayar da kuɗin waje a bakin titi.

A cikin 'yan canji akwai mutanen kirki masu riƙon amana, waɗanda suka gaji sana'ar. Akwai kuma ɓata-gari da suke raɓawa a jikinsu. Baƙo ba zai iya bambance su da ido ba. Dabara ita ce a shiga ofis mai suna da mazauni, inda za a iya komawa gobe a tarar da mai shi. A nemi rasit. Wanda ya ƙi ba da rasit, a bar masa kuɗinsa.

Malaman addini ma sun yi bayani a kan canji. Sun ce musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yin ta, a zama ɗaya. Wannan hukunci kariya ce ga mai tafiya. Kada ya ba da naira yau a ce ya dawo jibi ya karɓi dala.

FARASHI BIYU NE

Ɗan canji yana da farashi biyu. Akwai na saye, akwai na sayarwa. Yakan sayi dala da ɗan sauƙi, ya sayar da ɗan tsada. Abin da ke tsakani shi ne ribarsa. Haka mai awo yake yi a kasuwar Tarauni.

Ga misali. A ce ɗan canji yana sayen dala a kan naira 1,490, yana sayarwa a kan naira 1,510. Wanda ya sayi dala 100 zai biya naira 151,000. Idan ya fasa tafiya ya mayar da ita nan take, naira 149,000 za a ba shi. Ya yi asarar naira 2,000. Ashe ke nan yawan juya kuɗi daga wannan zuwa wancan yana cinye su. Kowane canji da ɗan abin da yake gutsura.

Saboda haka mai tambaya ya fito fili. Ya ce, "Nawa kake sayar da dala?" Ya tambayi wuri biyu ko uku kafin ya yanke shawara. Idan kowa ya ce 1,510, wani shi kaɗai ya ce 1,200, to, a guje shi. Araha ba ta ado. Babu ɗan kasuwar da zai yi asara don ya faranta wa baƙo rai.

YADDA AKE LISSAFI

A ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce. Wannan misali ne kawai don sauƙin lissafi.

Mai son sanin nairar da zai biya, sai ya ninka. Dala 500 sau 1,500 ya ba da naira 750,000.

Mai son sanin dalar da zai samu, sai ya raba. Naira 300,000 a raba da 1,500 ya ba da dala 200.

Lissafin riyal yana da sauƙi. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala. Dala ɗaya riyal 3 ce da halala 75. Halala 100 ita ce riyal ɗaya, kamar yadda kwabo 100 yake naira ɗaya. Ke nan:

Dala 100 riyal 375 ce.
Dala 200 riyal 750 ce.
Dala 500 riyal 1,875 ce.

Masu canji a Makka da Madina sukan rage ɗan kaɗan, ladan aikinsu. Amma wanda ya ba da dala 100 aka miƙo masa riyal 300, ya san an cuce shi. Ya kamata kowane maniyyaci ya haddace wannan lamba: 375.

Akwai wani lissafi mai amfani. Idan dala naira 1,500 ce, riyal ɗaya ta zama naira 400. Abin riyal 10 ya zama naira 4,000. Abin riyal 50 ya zama naira 20,000. Alhazai da yawa sukan ji "riyal goma" su ga kamar ba kuɗi ba ne. Sai su buɗe hannu wajen tsaraba tun a Madina. Kafin ranar Arfa guzuri ya ƙare. Mai hankali yakan raba guzurinsa bisa kwanakin da zai yi, ya bar tsaraba sai ƙarshe.

YADDA AKE GANE TAKARDAR KUƊI

Takardun dala suna da wani hali mai ruɗa baƙo. Dukansu girmansu ɗaya. Launinsu ma ya yi kusa da juna. Takardar dala 1 da ta dala 100 tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Wanda bai iya karanta lamba ba, ba zai bambance su ba. Nan ne mazambata suke shiga. Sukan ce wa dattijo ko dattijuwa, "Kawo in ƙirga miki," ko "Kawo in canzo maka." Sai su karɓi takardu biyar na dala 100, su mayar da biyar na dala 1. Mai dala 500 ya koma mai dala 5.

Ga abin da za a duba a takardar dala 100:

1. Lamba. A kusurwoyin takardar an rubuta 100, wato ɗaya da sifiri biyu.
2. Hoto. Akwai fuskar wani dattijo mai sanƙo da dogon gashi ta baya, sunansa Benjamin Franklin. A dala 1 kuwa hoton George Washington ne.
3. Shuɗin zare. Sabuwar takarda, wadda ta fito a 2013, tana da shuɗin zare mai faɗi daga sama zuwa ƙasa. Saƙa shi aka yi cikin takardar, ba manna shi aka yi ba. Idan aka karkata takardar, zanen da ke cikinsa yakan motsa.
4. Haske. Idan aka ɗaga takardar ga hasken rana, za a ga inuwar fuskar dattijon a gefen dama.
5. Taɓi. Idan aka shafa kafaɗar hoton da yatsa, za a ji kaushi. Jabu yakan yi santsi.

Tsofaffin takardun dala ba su daina aiki a Amurka ba. Amma masu canji da yawa sukan rage musu daraja, wasu ma su ƙi karɓa. Haka takarda mai yaga, ko mai tabon mai, ko wadda aka yi wa rubutu. Don haka a nemi sabuwa mai tsabta. Kada a cusa ta inda gumi zai jiƙa ta.

Riyal ta fi sauƙin ganewa, domin kowace takarda da launinta. Riyal 500 shuɗiya ce, tana da hoton Ka'aba. Riyal 100 ja ce, tana da hoton masallacin Madina. Riyal 50 koriya ce. A gefe ɗaya an rubuta lamba da Larabci, a ɗaya gefen da irin lambar boko. A lura, biyar ta Larabci zagaye ce kamar sifirin boko. Sifirin Larabci kuwa ɗigo ne. Wanda ya ruɗe ya juya takardar ya karanta ɗaya gefen.

MISALIN WANI DATTIJO

Ga misali don a gane amfanin wannan ilmi. Wani dattijo manomi ya yi niyyar Umara. Ya sayar da shanu biyu da buhunan riɗi. Ya zo birni ya sauka gidan ɗan ƙanensa a Gyaɗi-Gyaɗi. Dattijon nan ya yi shekara biyu yana zuwa ajin yaƙi da jahilci a garinsu. Tsararrakinsa har dariya suke yi masa, wai boko da furfura.

Da safe suka fita neman dala 600. Tun kafin su kai ofishin da za su, wani mutum mai fararen kaya ya tare su. Ya gaishe su da ladabi. Ya faɗi farashin da ya fi na kowa sauƙi.

Yaron ya ce, "Baba, mu ƙarasa wurin da na sani."

Dattijo ya ce, "Bari dai mu gani, ɗana. Gani ba saye ba ne."

Mutumin ya ja su gefe. Ya fito da takardu shida a ɗaure da roba. Ya ƙirga su da sauri ta kusurwa. Ya ce, "Alhaji, ga shi, sa a aljihu maza. Wurin nan akwai idanu."

Dattijo bai sa a aljihu ba. Ya cire robar. Ya ɗauki takarda ta farko, ya karanta a hankali: ɗaya, sifiri, sifiri. Ya ɗauki ta biyu. Ya ga ɗaya ita kaɗai, babu sifiri. Ta uku ma haka, ta huɗu haka, ta biyar haka. Ta ƙarshe ce kawai ta sake zama ɗari.

Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ina sifiran waɗannan?"

Mutumin ya fizge takardunsa ya shige cikin jama'a. Nairar dattijo tana nan a lalitarsa, domin bai miƙa ba tukuna.

A duba lissafin. Abin da aka so ba shi dala 204 ne a maimakon 600. Da ya karɓa, da ya yi asarar dala 396. A farashin naira 1,500, wannan ya kama naira 594,000. Sifiri biyu da ya koya a aji su suka tsare masa kuɗin sa guda.

MAI ZUWA NIJAR YA KULA

Ba kowace tafiya ce ta jirgi ba. Mutanen Kano da yawa suna zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Wasu suna zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam. Can Hausa ake yi, amma ƙirgar kuɗi ta bambanta.

A Nijar idan aka ce "dala", ba dalar Amurka ake nufi ba. Sefa 5 ake nufi. Dala ashirin sefa 100 ce. Dala ɗari sefa 500 ce. Idan aka ce "jikka" kuwa, sefa 1,000 ke nan. A Kano jaka naira 200 ce. Wanda bai san wannan ba zai yi ciniki cikin duhu. Dabara ita ce, duk dalar da aka faɗa a ninka ta sau biyar, sai a sami lambar da ke jikin kuɗin.

Sefa kuma iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda ake kashewa a ƙasashe takwas, ciki har da Nijar, da Binin, da Togo, da Mali, da Senegal. Akwai ta Afirka ta Tsakiya, wadda ake kashewa a Kamaru da Cadi da maƙwabtansu. Sunansu ɗaya, amma takardunsu daban. Mai kanti a Maraɗi ba zai karɓi sefar Kamaru ba. Mai canji ya faɗi ƙasar da za shi, don a ba shi irin wadda ta dace.

DOKAR FILIN JIRGI DA KAN IYAKA

Ba laifi ba ne mutum ya fita da kuɗinsa na halal. Amma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ce, wanda yake ɗauke da abin da ya wuce dala 10,000, ko kwatankwacinsa, dole ya bayyana wa jami'an Kwastan. Haka in zai fita, haka in zai shigo. Akwai takarda da ake cikewa. Wanda ya ɓoye, za a iya ƙwace kuɗin, ko a ɗaure shi, ko a haɗa masa duka biyu. A 2025 jami'an Kwastan sun kama fiye da dala miliyan ɗaya a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, an ɓoye cikin kayan dabino. Kotu ta mallaka wa gwamnati kuɗin.

Yawancin mutanen karkara ba sa ɗaukar kuɗi mai yawa haka. Haɗarin da ke kansu shi ne saƙo. Wani yakan zo filin jirgi ya ce, "Hajiya, don Allah ki kai wa ɗan'uwana wannan ƙunshi." Kada a karɓa. Duk abin da aka samu a jakar mutum, shi zai amsa tambaya a kansa.

ABUBUWA BAKWAI NA KIYAYEWA

1. A tambayi farashin ranar a wuri biyu ko uku.
2. A yi lissafi a takarda tun daga gida.
3. A yi canji a banki ko ofis mai mazauni, ba a lungu ba.
4. A tafi da amintaccen mutum wanda ya iya karatu.
5. A duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya kafin a biya.
6. A karɓi rasit, a adana shi tare da fasfo.
7. A raba kuɗi gida biyu a jiki. Mai kati kuma kada ya faɗa wa kowa lambarsa ta sirri.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin da aka yi shekaru ana tarawa ya cancanci a ɓata minti goma ana ƙirga shi. Ba rashin kunya ba ne mutum ya ƙirga kuɗinsa a gaban wanda ya ba shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin ƙirga. Wanda yake da niyyar tafiya baɗi, namiji ko mace, ya fara shiri tun bana. Ajin yaƙi da jahilci yana cikin shirin.

SABABBIN KALMOMI

Fasfo: littafin shaida da gwamnati ke ba ɗan ƙasa don tafiya waje.
Biza: izinin shiga wata ƙasa.
Lasisi: takardar izinin yin sana'a.
Rasit: takardar shaidar biya ko karɓar kuɗi.
Jabu: abin da aka ƙirƙira don ya yi kama da na gaskiya.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka fara aiki da naira?
2. Faɗi ƙofofi uku da ake samun kuɗin waje.
3. Waɗanne takardu banki yake nema daga mai tafiya?
4. Faɗi alamomi uku na takardar dala 100.
5. Me ake nufi da "dala" a kasuwar Maraɗi?

AIKIN LISSAFI

1. Idan dala ɗaya naira 1,500 ce, naira nawa ce dala 300?
2. Dala 400 riyal nawa ce?
3. Wata Hajiya tana da riyal 1,500, za ta yi kwana 30. Riyal nawa za ta kashe kowace rana?
4. Mai goro a Damagaram ya ce, "Dala arba'in." Sefa nawa ke nan?

A rubuta amsa a littafin aiki, a kai wa malamin aji ya duba.